Hannun Om Welly Mai Aski

Lokacin da ciwo ya kwantar da maigidana, Om Welly Rumengan ne yake zuwa duk Asabar ya yi masa aski a kan gado. In ya gama ya share gashin da kansa, kofi ma sai na matsa masa yake sha. A wajenmu dattijo Om ake ce masa, dattijuwa kuwa Tanta.

Shagonsa yana bakin kasuwar garinmu Tomohon, kuma gwanin birij ne, kartar nan da ake yi biyu-biyu. Yawan cin da yake yi shi ya ja masa. Aka fara raɗa cewa in shi ya gauraya kati, manyan katin wajensa suke faɗowa. Maza suka daina zama teburinsa, wasu har askinsa suka bari.

Sai aka sa gasa a zauren cocinmu, ni ke zuba wa 'yan wasa kofi. A irin wannan gasa sau ɗaya ake raba kati, kuma ba 'yan wasa ke rabawa ba. Ba a tara su a tsakiya, kowa a gabansa yake ajiye nasa. In an gama ya mayar da su aljihunsu a jikin wani ɗan allo, a miƙa wa tebur na gaba. Katin da ka riƙe shi mutum goma sha ɗaya za su riƙe, da su za a auna ka.

Om Frits Pangkey, tsohon malamin makaranta, ya dubi Om Welly ya ce, "Mai aski, yau hannun nan zai huta, ko?"

"Zai huta, Malam. Naka kan ne zai yi aiki, ga shi ba gashin da zai tare masa iska."

Rannan ƙananan kati suka yi ta zuwar wa Om Welly. Na ga yakan daɗe kafin ya ajiye ɗaya. Inda sauran suka faɗi da yawa shi ya faɗi kaɗan, allo biyu kuwa shi kaɗai ya kayar da masu manyan kati. Da la'asar aka karanta sunansa da na abokin wasansa Nyong Tumbel a sama. Om Frits ya tashi a gaban kowa ya ce, "Ran Litinin ka ajiye mini kujera a shagonka. Gemun ya isa."

Da shi da Nyong za su tafi gasar birnin Manado na ce wa Om Welly zan sa shi a addu'a.

Ya ce mini, "Tanta Lientje, kar ki roƙa mini kati masu kyau, na kowa ne. Ki roƙi Ubangiji ya sa Nyong ya riƙa ƙirgawa kafin ya jefa."