Fiffiken Hagu na Shozo

Shekara arba'in Teiji Kuwabara yana haɗa ƙofofin katako da takarda a unguwarmu, a Kakamigahara, ba a taɓa mayar masa da aiki ba. Da ya yi ritaya, yayansa Shozo ya zo masa da wani tsohon littafi na mahaifinsu. Marigayin makanikin jiragen koyon tuƙi ne lokacin yaƙi, kuma gab da rasuwarsa ya zana irin jirgin da ka a cikin littafin.

"Mu ƙera shi," in ji Shozo.

Teiji ya yarda, amma ya aika Tokyo aka kawo masa kwafin zanen masana'anta. Gangar jirgin ta haɗu lafiya a rumfar bayan gida. A kan fikafikai aka saɓa. Zanen masana'anta ya ba kowane fiffike haƙarƙari ashirin da ɗaya, na uban sha tara, sandar da ke riƙe su kuma ta ja baya da santimita huɗu.

"Yaya, lokacin da Baba ya zana wannan, ko sunana ba ya tunawa."

"Sunanka ya manta, ba jirgi ba. Kai da ƙofa kawai ka sani!"

"Ƙofata dai ba ta taɓa kashe kowa ba."

Daga ranar suka raba rumfar. Shozo ya kama fiffiken hagu da littafin ubansu, Teiji ya kama na dama. Ni da ke maƙwabtaka da su, shekara biyu ina kai musu shayi, kowa ya karɓa yana juya wa ɗan'uwansa baya.

Da suka gama, wani tsohon matuƙi ya zo dubawa. Ya auna, ya ƙwanƙwasa, ya ce na daman ba shi da aibu, na hagun kuwa zai karye kafin jirgin ya wuce tsayin rufin gida.

Bayan kwana tara ɓarin jikin Shozo ya shanye, baki ya rufe. Teiji ya turo shi rumfar a keken marasa lafiya, ya ɗauko zarto. Shozo ya zuba wa fiffikensa ido. Sai Teiji ya wuce, ya ɗora zarton a kan nasa fiffiken, na dama.

Na riƙe masa hannu. "Teiji, wanda kake yankawa shi ne mai kyan!"

"Na sani. Sake ni."

Ya soma sabo daga littafin uban, Shozo na zaune cikin bargo yana kallo. Haƙarƙari sha ɗaya aka yi, Shozo ya rasu cikin sanyin Fabrairu. Teiji ya ƙarasa sauran takwas ɗin shi kaɗai, ya ɗaura fikafikan biyu, ya kulle rumfar, ya koma wajen 'yarsa a Nagoya.

Damina ta gaba guguwa ta yaye rufin rumfar. Na kira Teiji a waya na faɗa masa. Bai tambayi jirgin ba, sai ya tambaye ni lafiyar gwiwata.