Rawar Ɗan Jimina a Kan Daɓe

Wayona tun ina yaro na ɓarna ne, kuma babu wautar da ke sa ni sunkuyar da kai har yau kamar ta ɗan jimina.

A Kwatarkwashi ne, tun jirgin ƙasa bai san hanyar Gusau ba. Kakata, Inna Delu, tana kiwon jiminu saboda gashinsu da fatake ke saye. Cikin ƙyanƙyasar shekarar akwai ɗaya mai karkataccen yatsa. Ta miƙar da yatsan bisa tsagin kara, ta naɗe da tsumma, ta baza masa yashi, ta ja mana kunne kada ƙafarsa ta taka wuri mai santsi. Har ya fara takawa.

Ni kuwa na faki idonta, na kai shi kan daɓen ɗakinta mai sulɓi. Ina tafi, yana zamewa, ƙafafunsa na rabewa, ina ta ƙyaƙyata dariya. A kwance na mayar da shi.

Da maraice muka kewaye wuta, Inna na sake ɗaurin ƙafar a cinyarta.

"Ga wata nan tafe," in ji ta, tana buɗe tatsuniya.

"Ta iso mu sha!" Muryata ta fi ta kowa.

Ta ce wai dila ne ya gayyaci ɗiyar jimina rawa bisa falalen dutse, shi ne makaɗi. Ta zame, ya ƙara kiɗa. Ta faɗi, ya yi guɗa. Da rana ta faɗi ya tafi gida, ita kuwa tana nan, ta kasa tashi.

"To, Inna, mi anka yi wa dilan?" in ji ƙanwata Lami.

"Ba a yi mai komi ba, ɗiyata. Ya ci tuwonai, ya zo jin wuta."

Ko kallona ba ta yi ba. Wallahi da bulala ta ɗauko da na fi jin daɗi.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar mugunta ce. Sai da na yi furfura na gane dilan ba ƙin ɗiyar yake ba, dariya kawai yake so, kuma ba shi zai biya da ƙafa ba.

Inna ta yi ta ɗauri, har ta haɗa ƙafafun biyu da sawaye, wato dabaibayi, ko za su daidaita. Ɗan jiminar bai sake tsayawa ba, dole aka yanka shi. Wajen rabon nama ta tsamo ƙafar ta sa a akushina.

"Ungo, Tanko. Ai kai ka koya mata rawa."