Mazon da Muka Kwance a Hanyar Dutse

Ba na mantawa da wata Asabar ta tsakiyar bazara, lokacin ina shekara ta goma sha ɗaya a aikin gadin daji. Ina ba ku labarin ne, ku sababbin shiga, domin kullum kuna tambayata abin da mutum zai yi in ya zagaya da baƙi dabbobi suka ƙi fitowa.

A lokacin ni mataimakin shugaban sintiri ne a gandun dajin da ke can kudancin jiharmu, wajen duwatsu. Ranar da babu sintiri, mu ne muke raka masu yawon buɗe ido. Ƙa'idar ba ta da yawa: baƙo ya rubuta sunansa a ƙofa, jami'i ya zauna gaban mota, mota ba ta sauka daga hanya, kuma kowa ya fita kafin biyar da rabi na yamma.

Ƙarfe goma da rabi wata tsohuwar mota ta tsaya a ƙofa. Mai tuƙin, Malam Hamisu, manomin shinkafa ne da tumatir daga Kura. Yana tare da maiɗakinsa Hajiya Rabi, da babbar 'yarsu Rukayya wadda ta gama sakandare, da ƙannenta mata biyu. Da ya ji ni ɗan Bunkure ne, muka sake gaisawa, muka taɓa hirar ruwan kanal na noman rani. Amma na lura fuskarsa ba ta mai yawon shaƙatawa ba ce.

Na gaya masa gaskiya tun a ƙofa cewa sun makara. Da rana ta take, naman daji kwanciya yake yi a cikin duhuwa.

Ya ce, "Ofisa, mu dai mu shiga. Abin da za mu gani shi za mu gani."

Awa uku muna zagaye. Mun ga garken zabi, mun ga jan biri biyu a kan bishiyar marke. Yaran suka yi ta murna, Malam Hamisu kuwa ya ce zabi akwai su a bayan gidansa, biri kuma ɓarawon masara ne, bai ga abin kallo a jikinsa ba. Rukayya tana riƙe da ɗan littafi, duk sawun da na nuna sai ta zana shi.

Da muka tsaya sallar azahar, Hajiya Rabi ta matso ta rage murya.

"Ɗan'uwa, ka taimaka mana. Yarinyar nan ta dage sai ta karanta ilimin gandun daji. Malam ya ce babu wani daji da ya rage, aikin gadin itace ne kawai. Da ƙyar ya yarda a zo yau. Ya ce in bai ga naman daji na gaske da idonsa ba, a rufe maganar."

Na ce mata dabba ba ta jin umarnina, amma ba zan mayar da su ƙofa ba sai na gwada duk abin da doka ta yardar mini.

Malam Hamisu ya ba da shawarar mu kutsa da mota cikin ciyawa mu tayar da abin da ke kwance. Na ce a'a. Ya ce ai ba wanda zai gani. Na ce ni zan gani, kuma a cikin ciyawar nan zabi ke ƙwai. Ransa bai so ba, amma ya haƙura.

Wuri ɗaya ya rage mini. Akwai wani idon ruwa a kafaɗar dutse wanda ba ya ƙafewa ko a bazara, gwanki kan zo sha da la'asar. Sai dai tafiyar ƙafa ce ta minti arba'in, kuma ba a kai baƙo sai da izini. Na kira shugabanmu a oba-oba, wato rediyon hannu.

Ya ce, "Ɗanlami, da mata da yara za ka hau dutse cikin wannan zafin?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, muna da ruwa jarka ɗaya, kuma na san hanyar. In wani ya gaji, zan juyo."

Ya ce, "Biyar da rabi ina son ganinku a ƙofa. Ko minti ɗaya ya wuce, kai za ka rubuta bayani."

Muka kama hawa, ni a gaba, Malam Hamisu a baya. Hajiya Rabi na fama da gwiwa, na ce ta jira a mota da yaran, ta ce ko da rarrafe sai ta hau. Na sare mata sanda.

Mun ci rabin hanya sai Rukayya ta ce, "Kawu, dakata. Ciyawar can a kwance take, kuma ba iska ce ta kwantar da ita ba."

Ni da shekara goma sha ɗaya a daji na wuce wurin ban gani ba, domin hankalina yana kan agogo. Na ce kowa ya tsaya inda yake, na leƙa. Macen mazo ce, wato dangin barewa mai jan jiki da zanen fari, kwance a gindin wata taura. Tarkon waya na masu farautar sata ya shaƙe mata ƙafar baya. Ta yi ta fizga har ta share ƙasar wurin, ta gaji, sai numfashi take yi sama-sama.

Na san in na tsaya, lokacin gwanki zai wuce mu. Na kuma san in na bar ta, mai tarkon zai riga ni dawowa. Na sanar a oba-oba kamar yadda aka tsara, aka ce 'yan sintiri suna nesa, in yi abin da zan iya.

Kwance tarko aikin mutum uku ne: ɗaya ya rufe idon dabbar ya danne wuya, ɗaya ya riƙe ƙafafu, ɗaya ya yanke wayar. Kafin in gama bayani Rukayya ta karɓi zanen da mahaifiyarta ta yi salla a kai.

Uban ya ce, "Ke, koma baya!"

Ta ce, "Baba, ka riƙe ƙafafun, ka fi ni ƙarfi. Ni zan riƙe kan."

Ya dube ta, ya dube ni, sannan ya naɗe hannun riga. Wanda ya saba kayar da akuya ba a koya masa riƙo. Na sa filaya, wayar ta nutse cikin fata, sai a karo na uku ta tsinke. Mazon ta zabura, kofaton gaba ya karce Rukayya daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Jini ya fito, amma ba ta saki ba sai da na wanke raunin dabbar, na ga ƙashi lafiya, na ƙirga uku muka ja da baya tare. Mazon ta miƙe, ta yi ɗingishi taku biyar, sannan ta faɗa duhuwa.

Na ɗaure wa yarinyar hannu da bandeji. Muka ƙarasa idon ruwan, muka tarar da sawun gwanki ɗanye a laka. Sun sha sun tafi.

Malam Hamisu ya tsuguna yana alwala, sai ya tambaye ni inda ruwan yake zuwa. Na nuna masa da hannu: ya gangara rafi, rafin ya shiga kogi, kogin ya zuba a madatsar Tiga, daga can a sako shi kanal har Kura da Bunkure. Na ce in aka sare itatuwan nan, yashi ne zai riƙa bin wannan hanyar maimakon ruwa. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke tafin hannunsa.

Mun isa ƙofa saura minti huɗu. Shugabanmu yana tsaye, na miƙa masa wayar tarkon. Ya tambayi Malam Hamisu abin da suka gani.

Ya ce, "Naman daji ɗaya tak, shi ma a ɗaure."

Rukayya ta sunkuyar da kai. Hajiya Rabi ta juya baya.

Sai ya ƙara da cewa, "Ku nawa ne kuke gadin wannan dajin duka?"

Shugabanmu ya faɗa masa. Malam Hamisu ya girgiza kai ya ce, "Kun yi kaɗan. Ofisa, wace makaranta ake zuwa? Rubuta mata sunan a littafinta."

Yau Rukayya tana aiki a wani gandun a arewa maso gabas, kuma ta wuce matsayin da na yi ritaya a kai.

Abin da ranar ta koya mini ke nan. Kada ku yi wa baƙo alkawarin dabba, kada kuma ku karya doka don ku faranta masa. Ku yi aikinku sosai a gabansa, ku bar shi ya sa hannu in akwai inda zai sa. Manomi ya san wahala idan ya gan ta, kuma yana girmama ta. Sannan in ƙaramin cikin ayari ya ce ku dakata, ku dakata.