Zaren da Nake Ɗaura wa Faifai

An sallame ni daga aiki ranar wata Talata, bayan na yi shekara shida ina masinja. Kamfanin yana wani gidan haya ne a Kwarbai, ɗaki uku da zaure. Aikinsu rubuta abin da ake sa wa kwamfuta don ta riƙe katin marasa lafiya a ƙananan asibitoci. Nawa aikin in ɗauki faifan kwamfuta a keke in kai asibiti, in dawo da wanda ya lalace, in tayar da inji idan an ɗauke wuta. Da wannan aikin nake ciyar da gidana.

Ban yi boko ba. Fayafayan kuwa duk baƙaƙe ne, kamarsu ɗaya. Sai na karɓo zare wurin wani tela, na ɗaura a ambulan ɗin kowane asibiti. Ja na asibitin haihuwa, kore na asibitin ido, fari na wanda ke Ƙofar Gayan. Ban taɓa kai kayan wani wurin wani ba.

Mai kamfanin, Oga muke ce masa, ba ya iya ce wa kowa a'a, sai ma'aikatansa. Duk likitan da ya tambaye shi yaushe za a gama, amsar ɗaya ce: Jumma'a. Shi ya sa babu Asabar, babu Lahadi. Mutum zai zo da kumatu, wata huɗu ka ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wani ya tafi Kaduna, wani banki ya ɗauke shi. Akwai wanda ya ce zai je cin abinci, har yau bai dawo ba, hularsa ma a kan tebur ya bar ta.

Duk wanda ya tafi, sai Oga ya nemi sabo. Yadda yake ɗaukar mutum shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Zai sa masu neman aikin su zauna a bencin zaure tun safe, ba wanda zai ce musu komai. Wanda ya kai la'asar yana zaune, shi ne ya samu. Wai haƙuri yake gwadawa. Ni da nake bakin ƙofa ina gani. Waɗanda suka san aikin tun azahar suke kaɗe wando su tafi, don suna da wurin zuwa.

Mutum ɗaya ce ta daɗe kamar ni, wata mata daga Wusasa. Malama nake ce mata, ita kuma Baba. Aikin mutum uku take yi. Ita ce mai sa faifai a ambulan, kuma ta san zarena. Muddin tana nan, ba wanda ya damu da cewa ban iya karatu ba.

Wata rana ta roƙi hutun mako ɗaya, mahaifinta ba shi da lafiya. Oga ya ce bayan Jumma'a. Jumma'a ta zo, ya ce wata Jumma'ar. Na same shi a gindin mota.

"Ranka ya daɗe, a ba matar nan hutu."

"Kai ne manaja yanzu?"

"Ni masinja ne. Amma na ga aikin ya yi mata yawa."

"To masinja, je ka duba mai a inji."

Bayan kwana tara Malama ta ajiye makullinta, ta bar aikin. Ta ce, "Baba, ka gaya wa duk wanda ya zo kada ya taɓa zarenka." Na ce to.

Wanda benci ya ba mu a madadinta dogo ne mai tabarau. Na gaya masa saƙon Malama. Ya dubi ambulan ɗin, ya yi dariya.

"Baba, nan ofis ne ko shagon ɗinki?"

Da reza ya yanke zaren duka, ya rubuta suna a kowace ambulan, tsaf da kyau. Na ce masa ban iya karantawa ba. Ya ce ba komai, shi zai riƙa miƙo mini yana faɗa. Na kai maganar wurin Oga, ya ce in bar masu ilmi su yi aikinsu.

Mako uku muna haka. Aikin da Malama take yi duk ya dawo kansa, ga shi bai san kan abin ba. Idonsa ya yi ja, yana magana yana manta abin da ya fara faɗa. Ran nan da hantsi ya miƙo mini ambulan, ya ce asibitin haihuwa. Na kai. Ashe na asibitin ido ne. Aka sa a kwamfuta, katunan suka ƙi fitowa. Mata masu ciki suka cika baranda tun safe har azahar, wata tana zaune a ƙasa ta jingina da bango. Sai tsofaffin takardu aka tono daga sito.

Oga ya tara mu. Dogon ya sunkuyar da kai, bai ce ni ne ba, bai kuma ce shi ne ba. Ban ga laifinsa sosai ba, gajiya ce. Oga ya ce kamfani ya girma, yanzu masinja mai takardar sakandare ake bukata.

Na ce, "Shekara shida ban ɓata ba sai da aka gyara mini."

Ya ce in bar keken a zaure. Na bari.

Yanzu ina Ƙofar Jatau, ina facin taya a ƙarƙashin wata rumfar kwano. Gwiwata ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai, don haka a zaune nake aiki. Ranar Jumma'a ba na buɗewa.