Igiyar da Na Riƙe a Tokpa-Hoho

A shekarun da soja suka sauka daga mulki, kowa a Zongo ba shi da zance sai na ƙuri'a. Ni kuwa ƙanena ne ya hana ni sakat. Soja ne, kuma ya ɗauko wata sabuwa: wai zai shiga rukunin da ake turawa can cikin daji su yi kwanaki suna leƙen abokan gaba, ba hura wuta, ba wanda ya san inda suke.

A rumfata ta atamfa ya zayyana mini sharuɗɗan. Doguwar tafiya da jaka a baya ba ta dame shi ba, don tun yana yaro yake koro shanun babanmu daga arewa. Yunwa kuwa, ya ce azumi ya gama koya masa. Likita ya duba ido da ƙirji ya ce lafiya lau. Saura guda: ƙetare ruwa da kaki da takalmi da jaka.

Mu 'yan Zongo an haife mu tsakanin teku da kogi, amma ruwan da muka sani bai wuce na buta ba.

Wani masunci a Tokpa-Hoho, can bakin kogin, ya yarda ya koya masa iyo. Na ce sai dai da igiya a ƙugunsa, kuma ni zan riƙe. Kullum bayan la'asar muna can, Inna ba ta sani ba. Da na ga kansa ya nutse sai in fizgo shi, ya fito yana tari yana hararata. Masuncin ya yi faɗa har ya gaji. Tsoro nake ji, tsoro na gaske.

Ana saura kwana uku gwaji, ya shiga da jaka cike da yashi, ruwa kuma na janyewa zuwa teku. Ya yi nisa, kansa ya ɓace, na ja. Igiya ta taho ba nauyi, har bakinta ya iso hannuna. Ashe kwance ta ya yi.

Ban san lokacin da na afka ruwa har ƙirji ba, ina salati. Masuncin ne ya damƙe wuyan rigata. Ba abin da ke raina sai da wane baki zan gaya wa Inna. Can sai ga kansa ya ɓullo kusa da kwale-kwalen ɗaya gaɓar.

Ta kan gada ya zagayo, yana ɗigar ruwa. Na ɗaga hannu zan mare shi, hannun ya ƙi.

Ya ce, "Yaya, don Allah gobe kada ka zo. In kana nan ba zan iya ba."

Ban je ba, kuma ya ci gwajin, sun ɗauke shi. Tun daga nan, duk ranar da Inna ta tambaye ni ina ɗanta yake, gaskiya nake gaya mata: ban sani ba.