Raƙumin Ma'azu Mai Karkataccen Baki

Da an sallame Asuba a Tawa, Ma'azu masassaƙi zai zauna gindin aduwar ƙofar gidansa, ya yi bisimilla, ya ɗora gizago a kan itace. Turmi da akushi da allo su ne abincinsa, amma abin da ke tara masa jama'a daban ne. A kan sandunan tsofaffi yake sassaƙa abin dariya: kura riƙe da tasbaha tana karkata wuya wajen akuya, ko biri da ƙaton rawani. Duk cikinsu babu mai ido. In an tambaye shi sai ya ce, "Ido da rai na Mai halitta na. Ni itace nika taɓawa."

Bana hannunsa ya soma rawa, ya ajiye gizago, shi ya sa na ga bai kamata a yi shiru a kan alherinsa ba.

Mutanen unguwa ba su manta da shekarar da aka sami 'yancin kai ba, lokacin da ɓarin jikin Ciɗo ladan ya shanye. Bakinsa ya karkace, kiran salla ya gagara. Kunya ta kulle shi a ɗaki, ya daina zuwa masallacin da ya tsufa yana tara wa jama'a. Liman ya yi nasiha, dattawa suka yi lallashi, a banza.

Ma'azu taubashinsa ne, shi kaɗai ke da izinin tsokanarsa. Ya shiga babu gaisuwar jinya, ya dangwara masa sanda a cinya. A kanta ga raƙumi a gurfane, baki a murguɗe, sak na Ciɗo.

"Ɗan banza, ni kas sassaƙa?" in ji Ciɗo da kyar.

"Raƙumi na," in ji Ma'azu. "Bakinai karkace, shina ta gunaguni, amma kullum shina gurhwana gaban mai shi. Kai mi yah hana ka?"

Matar Ciɗo ta ce dariya ya yi har dariyar ta koma masa kuka. Da La'asar aka gan shi yana jan ƙafa, yana dogara raƙuminsa. Ya jingine shi a bakin ƙofar masallaci, ya shiga sahu. Bai sake kiran salla ba, amma bai sake rasa jam'i ba har ya koma ga Allah.

Ni dai abin nan har yau mamaki yake ba ni. Ma'azu, kai ne mai wa'azi da gizago. Ba ka taɓa hawa mumbari ba, ga shi ka mayar da bawa gaban Ubangijinsa.

Mun gode, Allah ya saka maka da Aljanna. Ku kuma masu karatu, in kuna da wanda kunya ta kulle a ɗaki, kada ku tsaya gaisuwa daga zaure. Ku shiga, ku fito da shi.