Mai Riƙe Igiyar Jarumi

Aikinsa a kamfanin fim shi ne riƙe igiya. In jarumin nan na littattafan zane ya tashi sama, ƙanin mai riƙe igiyar ne cikin kayan jarumin, yana reto daga saman bene.

Ranar ɗaukar faɗan ƙarshe, gumi ya sa igiyar ta fara sulluɓe masa. Ya naɗe ta a damtse, ya dage har fatar ta saɓule.

Ƙanin ya sauko yana dariya. "Yaya, ka ga tashi?"

"Na gani. Kada dai ka gaya wa Inna."

Fim ya fito, 'yan kallo suna ta tafi. Shi kam har yau ya kasa kallon fim ɗin.